Yatsa a Ƙarƙashin Bargo

Numfashin tsohuwar ya canja ana tsaka da cin taliya. Rizwangul ta jiyo shi daga ɗaki, wani gurnani mai jan ƙirji, ta kuma gane shi nan take, domin da irinsa mahaifinta ya tafi.

"Ci mana, ƙanwata," in ji Yaya Shao tana ɗaga waya. "Ɗan yi murmushi, ban tura hoton yau ba. Ke kullum fuska kamar an aiko miki da sammaci."

Ta yi murmushin. Yaya Shao ba ta haɗa komai da ita ba. Hukuma ce ta raba wa gidajen ƙauyen 'yan'uwa kamar yadda ake rabon taki, kowane gida da nasa, su kwana su tashi da ku, su ga abin da kuke ci, su ji abin da kuke faɗa. Kaf ƙasar Hotan ba a taɓa ganin zumunci irin wannan ba, mutum na cin gurasarka yana auna imaninka. Ablikim, mijin Rizwangul, cikakkiyar sallama kawai ya amsa wa wani a kasuwa, aka tafi da shi wurin da suke kira makaranta. Inabin tsakar gida ya yi 'ya'ya ya sake yi, bai dawo ba. An kuma gaya mata ƙarara: in aka ƙara jin ƙanshin addini a gidan, ita ta bi mijinta, 'yarta Nigara ta tafi gidan marayu.

"Bari in duba Apa," in ji Rizwangul, tana nufin mahaifiyarta.

"Mu je tare. Ai ni ma uwata ce."

*

Mahaifiyar tata, Ayimhan, na kwance cikin bargo, ta koma kamar ƙaramar yarinya. Rizwangul ta durƙusa, ta tsoma auduga a ruwa tana jiƙa mata leɓe, yadda ake yi wa mai shirin tafiya. Wannan dai ba a hana ba tukuna.

Abin da aka hana shi ne abin da uwar ta roƙa. Tun da aka garƙame masallaci, lasifikarsa ta koma zuba waƙoƙi, tsohuwar da ido take salla a kwance. Wata rana ta kama hannun 'yarta ta ce, "Ban bar miki komai ba, ba na kuma neman komai. Amma ranar tafiyata ki tuna min Kalma, kada in ruɗe." Rizwangul ta yi alkawari, a lokacin da alkawari bai da wuya.

Yaya Shao ta zauna wajen ƙafafu tana matsa wa tsohuwar, wayar na kan cinyarta. Ba muguwa ba ce, abin da ya fi ci wa Rizwangul rai ke nan. Ba ta jin yarensu sosai, amma an koya mata kalmomin da za ta saurara.

"Yaya, ko za ki kira mana likitan ƙauye?"

"Na aika masa saƙo, yana hanya." Ta dubi wayar, ta dubi Rizwangul, ta sassauta murya. "Ba a yarda in bar ɗakin mara lafiya ba, ƙanwata. Abin nan kuma kunne gare shi. Ni ma ɗa gare ni."

Rizwangul ta sunkuyar da kai. Ya Allah, Kana gani. Ka fitar da matar nan ko na ƙiftawar ido ne. Ka kashe wayar nan. Ta kasa kunne kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. Babu abin da ya faru, sai wata kaza da ke ta tono a tsakar gida. Shekarun nan duk haka take kira, haka kuma ake yin shiru, amma ba ta san wata ƙofar da za ta je ba.

Sai tsohuwar ta buɗe ido. Ba ta jira a tuna mata ba. Da wata murya garau wadda aka daɗe ba a ji ba ta fara, "La ila..."

Hannun Rizwangul ya riga tunaninta. Ta danna jiƙaƙƙiyar audugar a bakin uwarta.

"Ruwa take so! Ga ruwa, Apa, sha!"

Idanun uwar suka tsaya a kanta. Babu fushi a cikinsu, da ma akwai da ta fi samun sauƙi. Rizwangul ta cusa ɗaya hannun cikin bargo ta laluɓo na uwarta. A can cikin duhu ta ji yatsun tsohuwar na dunƙulewa ɗaya bayan ɗaya, manuniya ita kaɗai ta miƙe. Ta riƙe yatsan gam, ta ƙarasa Kalmar a zuci, haƙoranta a datse.

Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, bai sake ɗagawa ba.

"Me ta ce?" Yaya Shao ta tambaya da ƙarfi, tana kallon wayar.

"Sanyi take ji."

"Sanyi," Yaya Shao ta maimaita wa wayar. Sai ta lura da ƙirjin, ta toshe baki, hawaye suka zubo mata na gaske.

Rizwangul ta haɗiye innalillahi. Daga waje aka jiyo ƙarar babur, likita ya iso, da wani mai kaki a bayansa. Yanzu za su yaye bargon su duba.

Yatsan na nan a miƙe, da sauran ɗuminsa. Ta sa tafin hannunta a kai, a hankali, ta lanƙwasa shi cikin 'yan'uwansa tun bai sandare ba.