Gishirin Hosnan a Ƙarƙashin Hoton Shugaba

Kada ka ce ba ka gani ba. Ka bi hanyar gaɓar Madura a mota, ka ga tulin gishiri jere a bakin gonakin da ake shanya ruwan teku an lulluɓe su da hotunan 'yan takara, ka yi dariya, ka mayar da idonka kan wayarka. Ɗaya daga cikin tulin nan na Hosnan ne, guminsa na rani guda.

Lokacin zaɓe Hosnan ne jagoran magoya bayan ɗan takarar shugaban ƙasa a ƙauyensu. Mutumin ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi, ya shiga gona, ya ɗebi gishiri a tafin hannu ya ce in ya hau mulki ko cokali ɗaya ba za a ƙara shigowa da shi daga waje ba. Hosnan na tsaye dab da shi, har yana jin ƙamshin turarensa. Bayan zaɓe ya kwashe manyan hotunan roba da suka rage, ya mayar da su marufin gishiri, yadda kowa ke yi a nan.

Shekara biyu ke nan da rantsar da ɗan takarar nan a matsayin Shugaba. Jiragen ruwa ba su daina sauke gishirin waje ba, dillalai kuma suna taya na gida tayin wulaƙanci. Maƙwabta suka haƙura suka sayar. Hosnan ya ƙi. A wurinsa, sayarwa a wannan farashi daidai yake da tsayawa a tsakiyar kasuwa ya ce an yi masa ƙarya. Kullum maganarsa ɗaya: wata mai zuwa za a sa hannu a kan dokar hana shigo da gishiri.

Damina kuwa tana matsowa, kuma ba shi da sito. Yayansa Busairi ne mai sito, na gora da rufin kwano, rabinsa babu komai. Amma Busairi ɗan takarar adawa ya zaɓa, kuma tun ranar zaɓe ba su ƙara cin abinci a faranti ɗaya ba.

Wata safiya suka haɗu a rumfar kofi ta Bu Marhamah.

“Lek,” in ji Busairi, yadda yake kiran ƙanensa tun suna yara, “har yanzu Shugaba ne ke yi maka gadin gishiri? Na wuce jiya na ga hancinsa ya tsage.”

Rumfa ta kwashe da dariya. Hosnan bai ɗago kai ba.

Busairi ya ci gaba, “Da gaske nake. Rana ta cinye robar nan. Kawo shi sitona, ba na son ko rupiya ɗaya. Abu ɗaya kawai: ka ce a gaban mutanen nan, ‘Kak, na zaɓi maƙaryaci.’ Shi ke nan fa.”

“Kak,” in ji Hosnan, yadda ake kiran yaya a nan, “naka ko akwatin unguwarsu bai ci ba, amma bakinka bai mutu ba.”

“Gara wanda ya faɗi da wanda ya manta hanyar garinmu.”

“Ku sha kofinku ko ku tashi mini,” in ji Bu Marhamah, ta ƙara muryar talabijin don ta raba su.

Labarai ake yi. Wani minista ne ke bayani cewa an sabunta izinin shigo da gishiri na shekara guda, saboda masana'antu, kafin kwamiti ya gama nazari. Busairi ya zuba wa fuskar ido. Ya san ta. Mutumin ne da ya riƙe wa ɗan takarar Busairi lasifika a kowane taro, yanzu an ba shi kujera a gwamnatin da ya yi ta zagi. Dariyar Busairi ta tsaya.

Hosnan ya ajiye kofi ya ce, “Kun gani? Ministocin ne. Ɓoye masa suke yi. Shugaba bai sani ba.”

Duk da haka Busairi bai janye sharaɗinsa ba.

A gida matarsa Rohemah ta roƙe shi. “Kalma huɗu ce fa. Ka faɗa, ka tofar, mu kwashe gishirinmu.” Ya ce ko sama za ta faɗo ba zai faɗa ba. Saura mako biyu kafin ruwa, ya san lissafin damina.

Ruwan bai jira mako biyu ba. Kwana huɗu bayan haka, ana idar da sallar azahar, hadari ya taso daga teku. Hosnan ya ruga gona ba takalmi. Iska ta riga shi: ta kama robar daga inda ta tsage ta yage ta har ƙasa. Ya kwanta a kan abin da ya rage yana danne shi da ƙirji, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa, gishirin na narkewa yana gangarawa cikin magudanar da ya fito daga gare ta.

Sai ga Busairi da amalanke da shebur biyu. Ya miƙa masa ɗaya. Suka yi ta ɗura a buhu, hannuwansu na zafi, ruwa na shiga idanunsu. Buhu goma sha ɗaya suka tsirar. Sauran ya koma teku.

Suka zauna a ƙofar sito, jiƙe sharkaf. Busairi ya ce, “Da na yi shiru da bakina ranar nan.”

Hosnan ya daɗe yana kallon inda tulin yake. Sannan ya ce, a hankali, “Da wani zai kai wa Shugaba labari kawai.”

Har yanzu kare shi yake yi. Kai ma haka kake yi wa naka, ko wanne ne, shi ya sa 'yan siyasa ba sa jin tsoronmu. Ranar Litinin manoman gishiri za su tsaya a ƙofar majalisar gunduma, su nemi a faɗa musu ranar da za a soke izinin nan, rana da wata, a rubuce. Ka ajiye rigar jam'iyyarka a gida, ka zo ka tsaya tare da su.