Kada a Yi Gudu da Mestri Kaitan

"Kin sake yin sauri," in ji Mestri Kaitan daga kan gado. "Gawa za ki raka ko motar Margao za ki tara?"

Sushila ta jefar da gular ganga a kan tabarma. "Wai ni baiwar gidanku ce? Kifina na can yana jirana, na zo nan ina jibgar fata kamar mai taɓin hankali."

"Ɗauki, Sushila-bai. Bugu ɗaya, kan ƙafar hagu. Sai ki jira."

Ta ɗauka kuwa, tana ƙunƙuni.

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma ba ranar da ba su yi cacar baki ba. Ita mai tallan kifi ce, 'yar Hindu, ana ce mata bai, wato uwargida a yarensu, bakinta kamar reza. Shi Kirista ne, tsohon ɗan badujalar sojan ruwa, wanda duk ƙauyen ke kira Mestri, wato malamin kiɗa. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tafi Bombay da akwatin ƙarfe ɗaya, ya yi shekara talatin da biyu yana busa. Ya yi busa a saman jirgi a Mombasa da Singafo, ya yi faretin Delhi cikin sanyin Janairu har bakin begila ya manne masa a leɓe. Bindiga kam bai taɓa harbawa ba, shi ya sa Sushila ke ce masa sojan kumatu. Da ya yi ritaya, kullum rana za ta faɗi sai ya fito baranda ya busa kiɗan sauke tuta, alhali ko tsumma babu a sama. Ita kuwa sai ta leƙo ta ce ya bar wa kaji su kwanta lafiya.

Yanzu huhun ya gaji. Likita ya sallamo shi gida, kowa ya gane nufin sallamar. Shi dai mutuwa ba ta dame shi ba, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ranar da aka binne matarsa Rosalina, mai gangar ƙauyen, wanda hannunsa ya saba da kiɗan biki, ya ɗauki zafi. Ƙafa kuwa ba ta musu da ganga. Masu ɗauke da akwati suka bi bugun, aka yi ta sassarfa da baiwar Allah har maƙabarta.

"Minti goma sha biyu daga coci zuwa kabari," in ji Mestri, kamar jiya aka yi. "Matar da ta yi shekara talatin tana jirana in dawo daga teku. A jirgi ko kuku ne ya mutu, taku ɗai-ɗai muke raka shi. Ni ba za a yi gudu da ni ba."

"To me ya sa sai ni? Ba maza a garin?"

"Mai gangar ya riga ni tafiya. Saura Bostiao da ƙanensa, su kuwa busa suka iya." Ya yi tari, ya huta. "Ke kuma bango ya koya miki. In ina busa, ina jin wuƙarki a kan katako tana bin kiɗan. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa saɓawa ba."

"Ƙarya kake, tsoho!"

"Kunne ne sana'ata."

Kunya ta kama ta, sai ta fake da faɗa. "Mace da ganga a gaban akwatin Kirista? Mutanena su ce me, naku su ce me?"

"Su ce Kaitan ya tafi a natse."

Matsalar ita ce ƙafar Sushila. Wadda ta yi shekara arba'in da kwando a ka tana tsere da rana kada kifi ya lalace, ina ta san tafiyar hankali? Kwana tara suna fama. In ta yi bugu biyar daidai, na shida sai ya zabura. A rana ta tara ya yafito ta da hannu, muryarsa ta dushe.

"Bar ƙirge. In kin buga, ki kira sunanta a zuci, a hankali, yadda nake kiranta daga baranda. Rosalina. Sai kin kai ƙarshensa za ki sake bugawa."

Ta gwada. Ya rufe ido, yatsunsa suna motsi a kan bargo. A wurin Mestri, wannan shi ne yabo.

Ranar Talata da hantsi ta kawo masa kunun shinkafa da ɗan mangwaro mai gishiri. Ta tarar da shi ya juya fuska wajen taga, begilar tana kan kujera, an goge ta tana ƙyalli. Ta kira shi sojan kumatu har sau biyu. Sannan ta ajiye kwanon, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, ita da ta rantse ba za ta zubar masa da hawaye ba.

Washegari da la'asar aka fito da shi daga coci cikin fararen kayan sojansa. Sushila na tsaye a bakin ƙofa, ta ɗaure bakin zaninta a ƙugu, babbar ganga lulluɓe da baƙin ƙyalle tana rataye a ƙirjinta, kamar yadda ya ce a yi. Mata suka fara zunɗe. Fada, limamin cocin, ya dube ta, ya dubi Bostiao, ya ɗaga kafaɗa. Ita ko ta kansu ba ta bi ba. Ta ɗaga gula ta saki.

Dum.

Ƙafafun hagu suka sauka tare. Rosalina. Dum.

Ba su kai shagon mai burodi ba hadari ya taso daga teku, baƙi ƙirin. Iska ta kaɗa itatuwan kwakwa. Bostiao ya cire bakinsa daga ƙaho ya matso.

"Bai, ƙara wuta kaɗan, ruwa zai sauko."

"Busa abinka, ko in sauke maka gular nan a ƙeya."

Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ta ji na bayanta suna matsowa, gefen akwati har yana taɓa mata kafaɗa. Ƙafarta ma so take ta ruga, don duk rayuwarta in ruwa ya sauko gudu take yi. Ta cije. Ta ja sunan a zuci har ƙarshensa, sannan ta buga. Fatar ta jiƙe, muryar gangar ta koma can ƙasa, amma tana fita. Mutum shida ɗauke da akwati, ruwa na zuba daga haɓarsu, ba wanda ya iya wuce bugun. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa. Mai burodi ya cire hularsa. Wani direban bas ya kashe injin, ya jira har suka wuce.

A ƙofar maƙabarta Bostiao ya share gilashin agogonsa da babban yatsa.

"Minti arba'in da ɗaya," ya ce, yana haki. "Kin kashe mu, bai."

"Ai ba kai aka raka ba."

Ta koma gida kafaɗa na zogi, ta jingine gangar a barandarsa don ta sha iska. Ruwa ya ɗauke. Ta jawo katako da kwandon kifi ta zauna a gindin bangon, wuƙa a hannu. Rana ta yi ja a bayan kwakwa. Ta ɗaga wuƙar ta tsaya, tana jira a fara busa daga wancan gefen. Kaji suka shige akurki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dame su.

Can ta sauke wuƙar a kan katako, ta jira, ta sake saukewa.