Gidan Kifin da Ba a Kallo

Idan mutum ya gina gida a cikin ruwan da ba nasa ba, kifi kuma ya zo ya tare a ciki ba tare da kowa ya gayyace shi ba, kifin nan na wane ne? Na yi wata biyu ina juya tambayar nan a raina, a cikin bas, a wurin aiki, har a kan sallaya, Allah Ya yafe mini, ban samo mata amsa ba. Ban yi boko mai nisa ba. Ɗan abin da na sani daga littattafan gwanjo na tsinto shi, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓo maganar gidan kifi.

A wani siton kayan gyaran mota nake aiki a Ras Al Khor, a Dubai. A shekarar 2019 mu uku muke ɗaki ɗaya a unguwar Satwa, ni Mubashir da wasu biyu. Akwai Mika'ilu mai walda, Basarke ne, jinin masunta, daga Yawuri, ya haura hamsin, Kawu muke ce masa. Akwai kuma Clement mai gyaran esi, mutumin Zonkwa, wanda in bai tsokani kowa ba a yini to ba shi da lafiya. Juma'a ce ranar hutunmu, kuma a bakin wani tafki da ke bayan gari muke cinye safiyarta, inda mai takardar izini zai iya jefa fatsa.

Da sanyi ya shigo, masu kula da tafkin suka nemi 'yan sa-kai su zo a gina wa kifi gidaje. Bulo ake haɗawa da bututun yumɓu da rassan dabino, a ɗaure, a nutsar, don ƙananan kifi su sami maɓoya. Mika'ilu ya je Juma'a uku a jere. An nutsar da gida goma sha ɗaya, kowanne da jan ƙwallo yana yawo a samansa. Matar da ta jagoranci aikin ta roƙi masu fatsa su ƙyale wuraren ƙwallayen har kifi ya hayayyafa. Roƙo ne, babu doka a kai, amma mutane sun kiyaye. Daga baya muka ji ƙishin-ƙishin cewa akwai gida na goma sha biyu, wanda wani ya haɗa shi kaɗai da ragowar kaya, aka nutsar ba alama saboda ƙwallaye sun ƙare. Da muka tambayi Mika'ilu, sai ya ce shayinsa ya huce, ya tashi ya ɗora wani.

Ni ba gwanin fatsa ba ne. Nakan jefa, in manta da ita, in zauna ina kallon mutane. A haka na lura da wuyan Mika'ilu. Yakan kalli gabas, ya kalli yamma, ya kalli jirgin sama in ya wuce, amma akwai wani lungu kusa da wata bishiya mai karkata da idonsa ba ya sauka a kai. In tsuntsu ya tashi daga can, sai ya sunkuya yana gyara tana a ƙugiya. Ko tofar da yawu zai yi, ɗaya ɓangaren yake juyawa.

Na san wannan wuya. Haka mahaifiyata take yi da Yaya Sanda, ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, in ya shigo ɗaki sai ta shiga neman abin da bai ɓata ba. Duk baƙon da ya zo gidanmu, ba sai an nuna masa ɗan fari ba, ya duba wanda ba a kallo kawai. Mika'ilu kunyar ɗan fari yake yi wa gidan kifinsa, kunyar kuwa ita ta tona inda yake.

Da na yi shiru da ba a yi komai ba. Na gaya wa kaina cewa don neman sani zan faɗa wa Clement, ina so in ga abin da mutumin kirki zai yi idan kyawawan halayensa biyu suka yi karo. Da wannan na lallashi zuciyata. Gaskiyar magana, tsokana ce ta ci ni. Na matsa na raɗa masa a kunne.

Clement ya naɗe zarensa, ya taka a hankali kamar mai neman inuwa, ya tsaya daidai bishiyar, ya jefa. Kafin in gama kurɓar ruwa sandarsa ta lanƙwashe. Karfasa ce, faɗinta ya fi tafin hannu. Ya sake jefawa, wata ta biyo. Mu da muke yin awa uku kan kifi biyu, sai ga biyar a bokiti kafin rana ta yi zafi.

Mika'ilu bai waiwaya ba. Ya yi tari. Ya canza tanar da ba ta lalace ba. Ya ce iskar yau ba ta da kyau ga ƙirji. Can sai ya miƙe ya ce mu tattara, kada mu rasa Juma'a.

Clement ya duba agogo. "Kawu, ni ba Musulmi ba ne, amma shekarata huɗu ina kai ku masallaci. Yaushe aka dawo da Juma'a ƙarfe tara?"

Da muka koma gida Clement ya soya kifin da attarugu da albasa, ƙamshi ya cika ɗaki har maƙwabtanmu 'yan Kerala suka leƙo. Ya zaɓi mafi girma ya ajiye a gaban Mika'ilu, ya ce a garinsu in ka ci amfanin gonar mutum, mai gona ake fara ba wa. Mika'ilu ya ture farantin, ya ce shi ba shi da gona a Dubai. Burodi da shayi ya ci.

Clement ya ce, "To Kawu, ga magana ɗaya. Ka ce naka ne. Da bakinka. Kana faɗa, kalas, magana ta ƙare, ba zan ƙara jefa ƙugiya a wurin ba."

"Ruwa na Allah ne, tafki na hukuma," in ji Mika'ilu. "Ni me na sani?"

Ranar Talata na same shi a bayan shagon walda yana cin abincin rana, na zagaya na zagaya har na kawo maganar. Bai amsa cewa shi ya gina ba. Labarin wani mutum ya ba ni, can a Yawuri, wanda ubansa ya gaya masa cewa duk wanda ya tara wa kifi itace a ruwa sannan ya ce nawa ne, to tarko ya kafa. Ya ƙara da cewa sadaka in ta ji sunanta a bakin mai ita, ta gama aiki. Na tambaye shi, to in aka zo ana kwashe kifin mutumin nan tun bai hayayyafa ba fa? Ya daɗe yana tauna shinkafa. Ya ce labarin bai kai nan ba.

Juma'a ta biyu Clement ya kama huɗu. Ta uku ya kama uku, biyu daga ciki ƙanana. Mika'ilu ya rame a fuska. Ya daina jan carbi a mota, ya daina yi mana gardamar ƙwallo. Abin ya fara damuna, na ja Clement gefe na ce ya isa haka, wasan ya wuce gona da iri.

Ya ce ai ni na kunna wutar, yanzu kuma nake kukan hayaƙi. Sannan ya kawo hujjar da har yau ban iya rusa ta ba. Ya ce gidaje goma sha ɗaya suna nan lafiya, babu mai taɓa su, saboda an sa musu alama an ce ga su. Na goma sha biyu ne kaɗai ake ci, saboda mai shi ya fi son ladansa da kunyarsa a kan kifin da ke ciki. Yau shi Clement ne, gobe wani ne da bai san wani Kawu ba, wanda zai zo da abokai goma. Ya ce shi taimakon kifin yake yi. Na ce taimakon da ake yi da attarugu da albasa? Ya ce kowane aikin alheri da ladansa.

Na kwana biyu ina auna maganar. In Mika'ilu ya yi shiru, ya tsare niyyarsa, gidan ya zama kango. In ya yi magana, kifi ya tsira, shi kuma ya zama mutumin da ubansa ya ce kada ya zama. Na nemi wanda ya fi laifi a cikinmu uku, kullum lissafin a kaina yake ƙarewa, sai in sake shi daga farko.

Juma'a ta huɗu, hantsi ya ɗaga, Clement bai sami komai ba sai ƙanana biyu da ya mayar. Har na fara murna. Sai sandarsa ta lanƙwashe sosai, ya yi ta fama yana lallashinta da Larabci, shwayya shwayya, habibti, wato a hankali masoyiya, har ya fito da ita. Karfasa ce da ba mu taɓa ganin irinta a tafkin ba, cikinta ya kumbura tim. Ko ni da ban san kifi ba na gane ƙwai ne fal a ciki.

Clement ya cire ƙugiyar, ya riƙe karfasar a saman bokiti. Da ɗaya hannun ya zaro waya. Ya ce, da murya yadda kowa zai ji, zai ɗauki hotonta da bishiyar a baya ya tura wa abokinsa Godfrey a sansanin leburori na Sonapur, su goma sha biyu ne a ɗakinsu, rabonsu da ɗanyen kifi tun Kirsimeti. Tunda wurin ba na kowa ba ne, ai ba laifi.

Kifin na buɗe baki yana rufewa. Mika'ilu na zaune, ya ba mu baya, sandarsa a hannu.

"Yalla, Mubashir, matsa ka ba ni haske," in ji Clement.

Mika'ilu ya ajiye sandar a ƙasa. Ya juyo da wuyansa a hankali kamar wanda ya kwana a kansa, ya kalli bishiyar, ya kalli ruwan da ke ƙarƙashinta, ya daɗe yana kallo.

"Mayar da ita," ya ce.

"Saboda me, Kawu? Ruwa na Allah ne, tafki na hukuma."

Mika'ilu ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Clement ya kara hannu a kunne, ya ce ƙarar injin esi ta lalata masa ji, sai an ɗaga murya.

Mika'ilu ya miƙe tsaye, ya nuna wurin da ɗan yatsa.

"Nawa ne. Ni na gina shi, bulo tara, bututu huɗu, da hannun nan. Mayar mini da ita, ɗan banza."