Fuskar Gingimari

Da likita ya ce idon Baba Direba ba na hawa titi ba ne kuma, bai yi gardama ba. Sayar da gingimarinsa ma ya yarda. Abu ɗaya ya kafe a kai: ba za ta faɗa hannun 'yan gwangwan ba, masu yanka mota da wuta su ɗora ƙarfenta a sikeli. Motar da ta ciyar da gidan nan tun yara suna rarrafe, ai ba tarkace ba ce.

Sai aka taki sa'a. Dillali ya aiko cewa akwai wani mai tara tsofaffin motoci, yana gyarawa yana adanawa, zai zo ya gani. Babban ɗan Baba, wanda ko taya bai taɓa kwancewa ba amma bakinsa ya fi na kowa, ya tsaya a gaban motar yana yatsina.

"Baba, ku dubi fuskar nan fa. Ragar gaban duk tsatsa, ga sanduna sun lanƙwashe. A gareji akwai ta sabon samfuri, sai ƙyalli. A sauya mata, ta koma yarinya."

Baba ya san dabarar sarai. Duk direban da zai rabu da mota haka yake yi, a rage mata shekaru ta fuska. Ransa bai so ba, amma tsoron kada baƙo ya raina ta ya fi ƙarfinsa. Aka kai ta gareji. Ramukan notin sabuwar ragar suka ƙi haɗuwa da na motar, mai walda ya yanke bakin ƙarfen da ke riƙe da raga, ya huda sababbi. Baba da hannunsa ya ɗaure notin ƙarshe, yana lalube. Tsohuwar ragar kuwa aka wurga ta bayan gareji.

Da mai sayen ya iso, ko injin bai ce a tayar ba. Gaban motar ya nufa kai tsaye, ya tsaya turus.

"Baba, ina fuskarta?"

"Ga ta nan, sabuwa fil muka sa mata."

Mutumin ya shafa wurin waldar, ya girgiza kai. "Ai tsohuwar na biyo. Inji ina samu, bodi ina samu, amma irin ragar nan an daina ƙera ta tuntuni. Ita ce motar. Ku yi haƙuri, Baba."

Baba ya bazama gareji yana tuntuɓe. Mai walda ya ce ai 'yan gwangwan sun kwashe tarkacen bayan tun shekaranjiya, a gabansa suka sare ragar gida biyu don ta shiga kurar da suke turawa. Tsoho ya juya ya nufi gida. Wa zai zaga? Ɗan ya sulale, shi kuwa ya san hannun da ya riƙe sifana.

Motar ta yi ta zama a ƙofar gida, tayoyi suna sacewa. Masu neman motar aiki suka ce ta tsufa, maƙwabta suka fara ƙorafin ta tare hanya. Ƙarshe dai 'yan gwangwan ɗin suka zo da tukunyar gas. Baba yana zaune a dakali, idonsa ba ya gani sosai, amma kunnensa ras yake. Ya ji babbansu yana ce wa mai riƙe da wuta:

"Dakata tukuna. Kwance ragar nan a hankali, ita kam za ta sayu. Sauran ka yanka."