Tsatsar Maigida

Mijina ya cika falonmu da tsofaffin fitilu, ya kafa mini doka: kada in kuskura in goge su. Wai tsatsar ce darajarsu. Ko ƙura na hure, sai harara.

Rannan mahaifiyarsa ta zo yana ofis. Ta dubi fitilun, ta dube ni, ta ce, "Ke dai ƙazama ce!" Ta nemi toka da soson ƙarfe. Ni kuwa har kujera na kawo mata.

Ya dawo ya tarar da su suna ƙyalli kamar sababbin tukwane. Ya dafe ƙirji.

"Ba godiya?" in ji ta.

"Na gode, Inna," ya ce.

Na ce, "Inna, akwai saura a ɗakinsa."