Jirgin Baba Illo a Baho

"Raliya, ruwan girkinmu ne fa," in ji Tahiru, yana kallon matarsa tana juye jarka ta ƙarshe a baho. Motar ruwa ba za ta shigo layinsu na unguwar Tahaggart ba sai jibi.

"To, sai ka ci burodi. Kama mini."

Suka kinkimi bahon zuwa ɗakin maƙwabcinsu, Baba Illo kafinta. Tun da aka sallamo shi daga likita, aka ce a je gida a yi ta addu'a, magana ɗaya ce a bakinsa: yana so ya ga jirginsa bisa ruwa.

Kai, jirgin nan ya sha tsiyar mutanen unguwa! Illo yana saurayi, yana lebura a birnin Alje, ya ga hoton wani ƙaramin jirgin yaƙi na katako, irin na dā wanda iska ke turawa. Shi ke nan abu ya shiga rai. Shekara da shekaru yana sassaƙa nasa da guntayen akwatunan kasuwar Assihar. Tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Tsohon rawaninsa ya yanka ya ɗaura wa sandunan jirgin don kama iska, ya jera igwa na guntayen rodi a gefe da gefe. Amma bai taɓa sa shi a ruwa ba, kullum wai bai gama ba. Raliya ta daɗe da gane tsoro ne kawai.

Tahiru ya tallafe tsohon ya zauna. Raliya ta yi bisimilla ta ɗora jirgin, ta saki.

Ya yi tangal-tangal, ya kife.

Raliya ta sunkuyar da kai. Wayyo, da ta sani ta bar bawan Allah ya tafi da mafarkinsa! Ta kasa ɗaga ido.

Sai ta ji dariya. Baba Illo ne, yana yi har tari ya sarƙe shi.

"Ƙarfe ya yi masa yawa," ya ce. "Cire igwan nan, ɗiyata. Ni da wa zan yi yaƙi yanzu?"

Ta ɓamɓare su da farce, ta zube a tabarma. Tahiru ya ɗebo tsakuwa a ƙofar ɗaki ya zuba a cikin jirgin. Da aka mayar, sai ya zauna daram.

"Iska fa?" in ji Baba Illo.

Raliya ta jawo faifai ta shiga fifita, hawaye na zuba. Jiƙaƙƙen rawanin ya ɗan kumbura, jirgin ya ja a hankali har ya taɓa ɗaya bakin bahon.

"Ya ƙetare," in ji tsohon. "Madalla."

Washegari bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Da aka dawo daga maƙabarta, Tahiru ya shiga ɗakin zai ɗauko bahon, don tun jiya ba a ɗora tukunya ba.

"Bar shi sai gobe," in ji Raliya daga bakin ƙofa.

Ya bari. Iskar taga ta shigo, jirgin ya ɗan juya, ya kama hanya.