Nubia Ba Ta Tura Kuɗi Ranar Laraba Ba

Nubia Cassiani tana da kantin magani a Barranquilla, kuma ta san tsohon mijinta Evaristo ciki da waje. A zaman aure bai tsinana mata komai ba, amma a harkar gidaje ba ta taɓa ganin ya yi asara ba. Shi ya sa da ya tara mutane za su haɗa jari su sayi wani tsohon bene a unguwar El Prado, su gyara shi su zuba 'yan haya, ta ce a sa da ita.

Ranar Laraba sai ga shi a kantin, gumi sharkaf.

"Nubia, tura kasonki yau. Mai benen ya ce Juma'a ce ƙarshe. Takardu kuwa sai Litinin, lauya bai gama ba."

Ta ci gaba da jera kwalabe. "To sai Litinin ke nan."

"Haba! Kowa ya tura, har likita Pumarejo. Ni za ki ƙi yarda da ni?"

"Na yarda da kai mana, tsoho. Amma na taɓa sa hannu a takarda tare da kai ban karanta ba, ka ga inda muka ƙare."

Ya yi dariyar dole. "Akwai masu jiran gurbinki fa."

"To ba su gurbin. Ga kofi can, sha ka huce."

Bai sha ba, ya fita yana ƙunƙuni. Tana son benen nan ƙwarai. Amma ta san idan babu kasonta jarin ba zai cika ba, shi ma ya sani.

Ranar Juma'a ya dawo, ya taso lauyan a gaba. Ashe kwana biyu ya yi a ofishinsa ya hana shi sakat. Nubia ta sa tabarau ta karanta yarjejeniyar tsaf, ta tambayi yaushe za a fara raba kuɗin haya, da yadda mutum zai janye jarinsa. Amsoshin suka gamsar da ita. Ta sa hannu, shi ma ya sa. Ta kira kamfanin da zai riƙe amanar kuɗin ta tabbatar da lambar asusu, sannan ta tura, saura kaɗan banki ya rufe.

Cinikin ya faɗa a ranar. Da yamma likita Pumarejo ya leƙo sayen maganin tari, ya sassauta murya ya tambaye ta, "Doña Nubia, wai me muka saya ne takamaimai?"

Ta jawo masa kujera ta fara yi masa bayani.